Wa ke kwashe elektron daga ɗamarar Van Allen?

'Yar Samaru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya hana ni barci tun shekaranjiya. Malamin da ke duba aikina ya ba ni takardu kan taguwoyin da ake kira EMIC, waɗanda ke tashi can sama inda taurarin ɗan'adam suke shawagi. Takardun sun ce taguwar da ƙarfinta bai wuce nanotesla 1 zuwa 10 ba (nanotesla ɗan ƙaramin ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) tana iya zubar da elektron masu gudu kusa da na haske daga ɗamarar Van Allen. Na bi lissafin layi-layi, ya fita daidai, amma zuciyata ta ƙi karɓa. Maganaɗisun da ake mannawa a jikin firij ya ninka wannan taguwa sau dubu ɗari-ɗari. Ta ina ta samo wannan ƙarfi?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam 'yata. Gara da zuciyarki ta ƙi. Shekara 31 na yi riƙe da alli, abin da na koya wa yara shi ne ba a ture abu sai an taɓa shi, ko an ja shi da ƙarfin da ya isa. Iskar da muke shaƙa, cikin ɗan akwatin da kowane gefensa santimita ɗaya ne, akwai ƙwayoyi 25 da sifili 18 a bayanta. A can inda kike magana, wani wurin ƙwaya ɗaya ce ko biyu a akwatin. Ƙwaya za ta daɗe tana yawo ba ta ci karo da 'yar'uwarta ba. To wa zai ture wa?

Baban Khalifa: Ku dakata mana. Ni mai ɗaura satalayit ne, ba mai digiri ba. Wace ce ɗamarar Van Allen, wa kuma ya ɗaura wa wa?

Ɗan Maraɗi: Ni tun a "taguwa" aka bar ni. A wajenmu taguwa ko dai raƙuma ce ko riga.

'Yar Samaru: Haba Yaya, ba ka taɓa jin taguwar ruwa ba? Na guji "igiya" ne don kada ta cakuɗe da layukan maganaɗisu, su ma kamar igiyoyi ake zana su.

Dakta: Sallama ga kowa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Bari in fara da Baban Khalifa don mu tafi tare. Duniya maganaɗisu ce, layukanta suna fita daga kudu su lanƙwasa ta sararin samaniya su shiga ta arewa. Duk ƙwayar da ke ɗauke da caji, elektron ne ko furoton (ƙananan ƙwayoyin da ke cikin atam), idan ta faɗa cikin waɗannan layuka ba ta iya tafiya miƙe, sai dai ta riƙa zagaya layin tana murɗawa. Idan ta nufi arewa, inda layukan suka matse, sai matsin ya juyo da ita, ta nufi kudu, can ma a juyo da ita. Ka ɗauka buhu ne da aka ɗaure bakinsa biyu. Bayan haka kuma duk taron yana zagaya duniya a hankali, elektron ta gabas, furoton ta yamma. Wannan tarko shi ne ɗamarar. James Van Allen na Jami'ar Iowa ne ya gano ta a 1958 da tauraron Explorer 1. Na'urar ƙirgar da ya sa a ciki ta riƙa yin shiru a wasu wurare, daga baya aka gane ba rashin abin ƙirgawa ba ne, yawa ya yi mata har ta shaƙe. Ɗamarar biyu ce: ta ciki furoton sun fi yawa, ta waje kuwa, daga wajen kilomita 13,000 zuwa 60,000 sama da ƙasa, ta elektron ce. Ta wajen ita ce marar zama lafiya.

Baban Khalifa: Ke nan taurarin da nake saita wa faranti suna ciki?

Injiniya: Suna gefenta na waje. Duk tauraron da farantinka ke kallo ba ya motsi yana kilomita 35,786 sama da layin da ya raba duniya arewa da kudu, har da NigComSat-1R da aka harba a Disambar 2011. Taurarin GPS kuwa a kilomita 20,200 suke, suna kutsawa cikin tsakiyar wutar kullum. Elektron mai ƙarfin MeV ɗaya ko biyu (MeV ma'aunin ƙarfin ƙwaya ne) yana huda jikin tauraro ya maƙale a cikin robar wayoyi, caji ya taru, wata rana ya yi tartsatsi. Haka Anik E1 da E2 na Kanada suka rikice rana ɗaya, 20 ga Janairun 1994. Shi ya sa mu masu wannan aiki muke son mu san yaushe elektron za su ƙaru, yaushe za su ragu. Amma ina da ja kan wannan EMIC ɗin, zan zo kanta.

Tsohon Malami: Dakta, duk wannan na yarda. Tambayata tana nan. Buhu a ɗaure, babu karo. Wa ya kwance?

Dakta: Ɗaurin bai kama sosai ba, Baba. Ƙwayar da gudunta ya fi karkata ga bin layi, ba ga zagaya shi ba, matsin ba ya iya juyo da ita sai ta riga ta nutse cikin iskar duniya, can ta ci karo ta mutu. Wannan ƙofa kamar bakin mazurari take, kuma tsukakkiya ce, a nisan taurarin Injiniya ba ta fi digiri 3 ba. Don haka ba a bukatar a rage wa elektron gudu ko kaɗan. Kansa kawai za a karkatar kaɗan-kaɗan har ya faɗa mazurari. Ƙarfin maganaɗisu kuwa aikinsa ke nan, ba ya ƙara gudu, juya kai yake yi.

Tsohon Malami: Da nanotesla 5, a wurin da maganaɗisun duniya yake da 100 ko fiye? Turi ɗaya dama, turi ɗaya hagu, su share juna. Kamar mutum ne a tsakiyar kasuwar Kurmi, kowa na goga shi amma yana nan inda yake.

Dakta: Haka yake ga kusan duk ƙwayoyin. Amma ka tuna lilo. Yaro ɗan shekara biyar yana iya cilla babba sama idan duk turin da zai yi ya zo daidai lokacin da lilon ya juyo. Taguwar EMIC ba sama da ƙasa take kaɗawa ba, juyawa take yi kamar hannun agogo a kewayen layin maganaɗisu. Ƙwayar ma juyawa take yi. Idan juyin biyu ya zo ɗaya, ƙwayar ba ta ganin turi dama da hagu, turi ɗaya take gani wanda bai sauya ba, zagaye bayan zagaye. Kiɗa ne ya dace da rawa. Wanda takunsa bai dace ba ko a jikinsa.

'Yar Samaru: Wannan ɓangaren na gane shi ga furoton. Na ma yi tebur. A wurin da maganaɗisu yake nanotesla 100, furoton yana zagaye sau 1.5 a daƙiƙa. Ayon na hiliyam, wato atam ɗin da ya rasa elektron ɗaya, ya ninka shi nauyi sau 4, don haka nasa kusan 0.38 ne. Na oksijin sau 16, nasa bai kai 0.1 ba. Taguwoyin kuma tsakanin 0.1 da 5 suke a daƙiƙa, suna fitowa hawa uku, kowane hawa a ƙarƙashin juyin ɗaya daga cikin waɗannan ayon, da giɓi a tsakani. Sunan ma daga nan ya fito, taguwar lantarki da maganaɗisu mai bin juyin ayon. To amma elektron fa? Furoton ya ninka shi nauyi sau 1,836. A wuri guda elektron yana zagaye sau 2,800 a daƙiƙa, kuma ta hannun da ya saɓa. Taguwar hagu take juyawa kamar furoton, shi dama yake yi. Mai kiɗa yana buga ɗaya, mai rawa yana taka dubu biyu da ɗari takwas, kuma ya ba shi baya. Ina dacewar?

Tsohon Malami: Yawwa. Allah ya yi miki albarka. Dakta, bismillah.

Dakta: Ƙanwata, kin taɓa wuce tirela a hanyar Kano zuwa Zariya? Ku duka gaba kuke yi, amma ta taga sai ki ga tirelar tana komawa baya. Taguwar EMIC tana bin layin maganaɗisu da gudun wasu ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa. Elektron mai MeV 2 yana gudun kashi 98 cikin 100 na gudun haske. Idan ya biyo ta a baya ya wuce ta, juyin da ke hagu sai ya koma masa dama. Matsalar hannu ta warware. Saura yawan bugu, kuma ki ɗauki biro. A ce taguwar tana kaɗawa sau ɗaya a daƙiƙa, gudunta kilomita 500. Ke nan tsakanin tudu da tudu kilomita 500 ne. Elektron mai gudun kilomita 294,000 a daƙiƙa tudu nawa zai tsallake?

'Yar Samaru: Kusan 590. Amma har yanzu 590 ba 2,800 ba ce.

Dakta: Kin manta da Einstein. A wannan gudun nauyin elektron ya ninku kusan sau 4.9, juyinsa ya ragu da haka. Raba.

'Yar Samaru: 2,800 a raba da 4.9... 571. Innalillahi. Kwana biyu ina kallon wannan alamar a cikin lissafin ban ga aikin da take yi ba.

Dakta: To kin gani. Shi ya sa taguwar take zaɓe. Elektron mai ƙaramin ƙarfi juyinsa ya yi sauri da yawa, gudunsa kuma bai isa ba, sai ya wuce ba abin da ya same shi. Manyan ne kawai take kamawa, galibi daga MeV 1 ko 2 zuwa sama. Richard Thorne da Charles Kennel ne suka fito da wannan tun 1971, lokacin babu na'urar da za ta tabbatar musu.

Ɗan Maraɗi: Ɓarawon da ba ya sata sai a gidan attajirai. Irin wannan ko alƙali zai sassauta masa.

Tsohon Malami: Na yi lissafin a bayan takardar kuɗin wuta, ya fita kamar yadda kuka ce. Amma ba a yin kiɗa ba makaɗi. Wa ke buga gangar? Ƙarfi ba ya fitowa daga babu, wannan ko ɗan aji uku ya sani.

Dakta: Furoton ne makaɗan, Baba. Idan guguwar rana ta taso, ana turo furoton masu zafi, masu ƙarfin keV 10 zuwa 100 (keV 1,000 ne MeV ɗaya), daga ɓangaren dare zuwa ciki. Su ne suke yin zoben lantarkin da ke kewaye duniya. Yayin da ake matso su ciki, gudunsu na zagaya layi yana fin na bin layi. Wannan rashin daidaito ba ya ɗorewa, kamar tulin hatsi ne da ya yi tsini da yawa, dole ya zube. Tunda babu karo, hanyar zubewar ita ce su miƙa rarar ƙarfin ga taguwa. Ɗan motsi kaɗan a maganaɗisu sai ya yi ta girma yana shan ƙarfinsu. Su kansu furoton ɗin suna karkacewa su faɗa mazurari. Kennel da Harry Petschek sun nuna a 1966 cewa wannan yana sa wa tarkon iyaka: idan ƙwayoyi suka yi yawa, su da kansu suke tayar da taguwar da za ta rage su. Elektron kuwa ɗan kallo ne da rawa ta kwashe.

Baban Khalifa: To yanzu na gane wani abu. Ranar Talata da yamma kwastomomi huɗu suka kira ni hoto ya ɗauke, kamfanin kuma ya ƙi ɗaga waya. Ashe EMIC ce.

Injiniya: Baban Khalifa, ranar Talata hadari ya haɗu ko bai haɗu ba?

Baban Khalifa: An yi ruwa kam.

Injiniya: To ruwan ne. Zangon da farantinka ke kamawa ɗigon ruwa yana shanye shi. Kada ka je ka gaya wa kwastoma Van Allen, zai ce ka ci kuɗinsa. Yanzu ga jan da na ce ina da shi. Dakta, duk abin da ka faɗa yana da kyau a allo, amma a ganina an cika kambama wannan taguwa. Akwai hanyar ɓacewa da ba ta bukatar wani kiɗa. Garkuwar maganaɗisun duniya tana da katanga ta ɓangaren rana, a kwanakin lafiya tana nisan kusan ninki 10 na rabin faɗin duniya. Taurarinmu suna ninki 6.6. Idan iskar rana ta buso da ƙarfi, katangar tana matsowa har ta wuce taurarin ta bar su a waje. Elektron mai MeV yana kewaye duniya cikin kamar minti goma. Duk wanda hanyarsa ta ci karo da katangar ya fita ke nan, ba dawowa. Na ciki kuma sai su yi ta malalowa waje suna cike gurbin, su ma su bi sahu. Cikin sa'o'i kaɗan ɗamara ta zama wayam. Katanga ta faɗi, awaki sun fice, ku kuna neman ɓarawo.

Dakta: Injiniya, ban musa ba. A gefen waje, inda taurarinka suke, katangar ce ke yin mafi yawan ɓarnar. Amma kowane mai laifi da irin sawunsa. Katanga ba ta zaɓe, babba da ƙarami duk ta kwashe, kuma ta fi cin waɗanda ke zagaye a tsakiya ba sa nisa arewa ko kudu. EMIC akasin haka take yi: manya kawai take ɗauka, kuma masu bin layi, ta bar na tsakiya. A guguwar 17 ga Janairun 2013, tagwayen taurarin Van Allen Probes da NASA ta harba a Agustan 2012 sun ga elektron masu ƙarfin kusan MeV ɗaya suna ƙaruwa, a daidai lokacin da masu MeV 4 zuwa sama suke raguwa, kuma raguwar ta fi yawa a masu bin layi. Yuri Shprits da abokan aikinsa sun wallafa wannan a 2016. Faɗuwar katanga ba za ta zaɓi manyan awaki ta bar ƙanana su yi ƙiba ba.

Injiniya: Guguwa ɗaya ke nan. Ɗamara ta uku fa? A Satumbar 2012, kwanaki kaɗan da harba taurarin, an ga wani siririn zobe ya ware daban ya zauna kusan mako huɗu kafin wata girgiza daga rana ta share shi a farkon Oktoba. Mutanen Shprits suka ce EMIC ce ta sassaƙe shi. Ian Mann na Jami'ar Alberta da nasa mutanen suka fito a 2016 suka ce sam, malalowa waje zuwa katanga ta isa ta bayyana komai. Har raddi suka yi wa juna a mujallar Nature Physics. Idan manyan da ke riƙe da alƙaluman ba su daidaita ba, ni ba zan sallama a zauren nan ba.

Dakta: Ai ban ce ka sallama ba. Ni dai na fi karkata ga cewa a can ciki, wajen ninki 3 zuwa 4, kuma ga masu MeV da yawa, malalowa kaɗai tana wahalar isa. Amma akwai abin da zan ba ka kyauta: EMIC ita kaɗai ba ta iya share ɗamara. Ba ta taɓa na tsakiya. Sai wasu taguwoyin sun fara karkato su, irin wadda ake kira huci da ke cikin filazma mai sanyi (wato iskar ƙwayoyi masu caji) kusa da duniya, ko wadda ake kira waƙar asuba don in an mayar da ita sauti kamar kukan tsuntsaye take. Ita waƙar asubar ma harshen damo ce, ita ce kuma ke ƙara wa elektron ƙarfi har su zama manya. Shi ya sa da Geoffrey Reeves ya duba guguwa 276 a 2003, ya tarar kusan rabi sun ƙara elektron, kusan ɗaya cikin biyar sun rage, sauran sun bar su kusan yadda suke. Ana zubawa ana kwashewa a lokaci guda.

Injiniya: Wannan alƙaluman su ne ciwon kanmu. Guguwa ta taso, ba ka san ko ka shirya wa wuta ko ka kwanta ba.

Tsohon Malami: Ni fa mutumin gani-da-ido ne. Duk wannan taurari ne suka faɗa, kwamfuta ta fassara. Akwai wanda ya tsaya da ƙafarsa a ƙasa ya ga wani abu?

Dakta: Tun kafin a harba tauraro ko ɗaya, Baba. A 1936 Eyvind Sucksdorff a Sodankylä ta ƙasar Finlan, da Leiv Harang a Tromsø ta Norwe, kowannensu ya ba da rahoton wata 'yar rawa a takardar na'urar auna maganaɗisu. Alƙalamin yana kaɗawa, kaɗawar ta kumbura ta lotse, ta kumbura ta lotse, kamar duwatsun wuya a zare. Har yau lu'ulu'u ake ce musu, a rajistar masana kuma Pc1. Taguwar ce take gangarowa ta layin maganaɗisu har ƙasa. Kusan shekara 30 aka yi kafin a danganta su da juyin furoton. An daɗe ana cewa kowane dutse a zaren dunƙulen taguwa ne guda da ke kai da komo tsakanin arewa da kudu kamar ƙwallo. Bayani ne mai daɗin ji, amma da taurari irin su CRRES suka auna, sai aka tarar ƙarfin taguwar kusan kullum daga tsakiyar layin yake fita zuwa ƙasa, ba a cika ganin mai dawowa ba. Wannan ma har yanzu ana ja.

Sannan akwai haske. Furoton ɗin da suka faɗa mazurari suna karɓar elektron a iskar sama su zama haidurojin, su yi haske mai rauni. A Athabasca ta Kanada, masu bincike daga Japan sun ɗauki hoton wani ɗan facin haske da ke ware daga babban hasken orora (hasken da ke bayyana da dare a samaniyar ƙasashen can arewa) ta kudu, yana bayyana yana ɓacewa tare da lu'ulu'un da na'urar ƙasa ke rubutawa. A 2008 Yoshizumi Miyoshi da abokansa suka wallafa yadda suka haɗa uku a lokaci guda: lu'ulu'u a ƙasa, facin haske a sama, tauraro kuma ya ratsa ta kansa ya ga furoton da manyan elektron suna zubowa tare. A 2013 da 2014 har balan-balan aka riƙa saki daga Antatika, a shirin BARREL, don kama hasken eksire da elektron ke fitarwa in sun daki iska.

Ɗan Maraɗi: Mu a nan za mu iya gani? Wajen Dakoro dare yana da duhu sosai, ba fitila ko ɗaya.

Injiniya: Ko ka kwana a tsaye ba za ka gani ba. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ta yankinmu ya ratsa. Layukan da ke kanmu a kwance suke, ba sa nisa sama suke komowa, ba su kai inda ake kiɗan ba. Waɗanda suka kai can, ƙafafunsu a Kanada da Finlan da Rasha da Antatika suke sauka. Namu rabon daban ne: kogin lantarkin da ke gudana da rana kamar kilomita 100 a samanmu, da kumfar da ke tashi a saman iska bayan faɗuwar rana ta rikita GPS. Wannan zance ne na wata rana.

Baban Khalifa: To a kunna mana sautin mu ji mana, tunda kiɗa ne.

'Yar Samaru: Kunne ba ya kama abin da ya gaza bugu 20 a daƙiƙa, Baban Khalifa, wannan kuwa ɗaya ne ko biyu. Sai an ɗauka an ƙara masa sauri. Dakta, saura abu ɗaya da ya tsaya mini. Ka ce manya kawai take kamawa. Amma cikin takardun da aka ba ni akwai masu cewa taurari masu yawo ƙasa-ƙasa, irin su POES da ƙananan tagwayen ELFIN da ɗaliban Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis suka ƙera aka harba a 2018, sun ga elektron masu keV ɗari-ɗari kawai suna zubowa lokacin EMIC. Lissafin da muka yi ɗazu ya ce bai kamata ba.

Injiniya: Ato. Ɓarawon attajirai ya fara shiga gidan talaka.

Dakta: Nan kam kin taɓo inda ake haƙa yanzu. Ki koma kan lissafinki, ki duba me zai rage ƙarfin da ake bukata. Idan tazarar tudu da tudu ta ragu, ƙaramin elektron ma zai tsallake da yawa a daƙiƙa. Tazarar tana raguwa a inda filazma mai sanyi ta yi kauri, kamar jelar da ke miƙewa ta ɓangaren la'asar lokacin guguwa, shi ya sa ma aka fi samun zubowar a can. Tana kuma raguwa sosai idan bugun taguwar ya matso dab da juyin hiliyam ko na furoton. Matsalar ita ce a daidai nan ne ayon masu ɗumi suke shanye taguwar, don haka ba ta cika yin ƙarfi a wurin ba. Ɗayan bayanin da ake gwadawa shi ne taguwar ba doguwa ba ce mai santsi kamar yadda muke zanawa a allo. Gutsi-gutsi take zuwa, masu kaifin baki. Elektron da ya faɗa gutsure ya fita kafin turin dama da na hagu su share juna, yana iya fita da ɗan karkata ko da taku bai dace ba.

Tsohon Malami: A'a, tsaya. Ke nan mutumin kasuwar Kurmi da na kawo, wanda ka ture da lilo, yana da gaskiyarsa idan kasuwar gajera ce. Ya shiga an goga shi sau uku dama sau biyu hagu, ya fito ya karkace.

Dakta: Haka ne, Baba. A doguwar kasuwa misalinka yana nuna babu abin da zai faru, a gajera kuma yana nuna akwai. Duka biyun daidai ne.

Tsohon Malami: To a rubuta cewa ban faɗi duka ba. 'Yata, abin da zan ce ki yi, kada ki tsaya a nanotesla 100. Ki sake teburin da 200 da 400, ki sauya gudun taguwar, ki ga inda ƙarfin da ake bukata yake sauka. Da hannu, ba da kwamfuta ba, aƙalla layi uku na farko.

'Yar Samaru: In sha Allahu Baba. Na ma ga kuskure a teburina na farko, na ɗauki hiliyam mai caji biyu a wani layi maimakon mai caji ɗaya, shi ya sa giɓin ya ƙi zama inda takardun suka nuna. Dakta, alƙaluman Van Allen Probes ana samunsu har yanzu? Na ga an kashe taurarin a 2019.

Dakta: Suna nan a buɗe kyauta, na shekara bakwai cur. Na Arase ma, tauraron Japan da aka harba a Disambar 2016, ana saukewa. Ki fara da na'urar auna maganaɗisu, ki zaɓi rana ɗaya mai guguwa, ki zana layukan juyin furoton da hiliyam da oksijin a kan hoton, za ki ga hawa ukun da idonki. Amma fayilolin suna da nauyi, ki nemi inda intanet ba ta yankewa.

Injiniya: Ki zana inda katangar take a ranar kuma, a hoto ɗaya. Kada Dakta ya ɓoye miki ita.

Baban Khalifa: Ni dai hadari ya sake haɗowa ta gabas, wayata ta fara ƙara. In an samu sautin nan mai sauri a turo mini, ina so in ji kafin in hau rufin mutane.